Soson Cikin Takalmina

Ƙafata ta hagu ta mutu ina ɗan shekara shida. Zazzaɓi na yi, wani mai allura da ke bin kasuwanni ya soka mini a ɗuwawu, ya taɓa jijiya. Tun ranar tafin ya saki, ina jansa a ƙasa, ko ƙaya na taka ba na ji. A asibitin Damagaram aka yi mini takalmin roba mai tauri, ya bi bayan ƙwauri ya tallafe tafin. Cikinsa an manna soso. Robar tana daɗewa. Soson ne ke cinyewa, in ya cinye kuma robar ta ci nama.

Iya, mahaifiyar babana, ita ke canza shi. Lokacin sanyi, da an idar da magariba, sai ta hura wutar kara a tsakar gidanmu na Matamaye, jikoki mu kewaye ta. Sai ta miƙo mini hannu.

"Kawo ƙafar aron taka, maigida. Mijin da ko ɗingishi sai an taya shi."

"To ki nemi wani mana, tsohuwa."

"Wa zai kwashi mai haƙori biyu? Kai ɗin dai."

Takan kankare tsohon soson da wuƙa, ta yanko sabo daga wata katifa da ta mutu, ta manna da gam ɗin masu faci, ta rufe da ƙyalle mai laushi. Daga nan ta ɗaga takalmin ta bi cikinsa da leɓenta, sannu a hankali, tun daga sama har diddige. Yara su yi ta dariya.

"Ku yi dariyarku," in ji ta. "Yatsuna sun yi kanta da taɓarya, ƙafarsa kuma ba ta ji. Leɓe ne kaɗai ya rage da zai faɗi gaskiya."

Kafin gam ya bushe take yin tatsuniya. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri." Mu ce ta zauna mu ji ta.

Wadda ta fi maimaitawa ta wani falke ce mai raƙumi da jaki. Duk lokacin da aka ɗora wa raƙumi kaya sai ya cika daji da kuka. Falke ya zage shi tas, amma dole ya sauke, ya duba shimfiɗar bayansa, ya ƙara mata cushe. Jaki kuwa bai taɓa cewa uffan ba. Kowane zango falke na nuna shi ga mutane, yana cewa ku ga dabbar kirki. Akumarin jaki ya yi ta siɗewa, ba wanda ya ɗaga. A zango na bakwai jaki ya durƙusa bai tashi ba. Da aka yaye akumarin, tsutsa ce fal a bayansa. Falke ya ce Allah sarki, mai haƙuri ne. Ko fatar ba ta sayu ba.

"Sai me, Iya?"

"Sai me kuwa? Raƙumi ya isa gida yana kukansa."

Wata shekara babana ya dawo daga ci-rani ya ji ta.

"Iya, kina lalata yaron nan. Namiji ba ya raki."

"Mai ƙafa biyu ne ke faɗar haka," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Maganar babana na ɗauka. Bayan Iya ta rasu, da na kai ashirin, na tafi Kano tura kurar ruwa. Ruwa ya yi ta jiƙa soson har ya zama kamar ganye. Na cusa kwali. Mu tara ne a ɗaki, ba na so a ga ƙafar, don haka ko alwala a kan safa nake shafawa. Mai kurar yakan ce wa sauran, gurgun nan ya fi ku duka. Daɗi nake ji. Wari ne ya tona ni, abokan kwana suka riga ni sani. Da na cire safar, gyambo ya yi rami a diddigen har ya kai ƙashi.

An yanke mini gefen tafin da yatsu biyu. Likita ya ce in ya sake buɗewa, daga ƙasan gwiwa za a cire.

Na daɗe ina ganin jakin nan wawa ne. Yanzu na san yabo ne ya kashe shi, don na ɗanɗana. Abin da Iya ba ta faɗa mana ba shi ne, raƙumi ya yi sa'ar mai duba shi. Ni da na yi kukan a Kano daga baya, an ba wani kurar washegari, shi ke nan.

Duk wata nake zama bakin zaure in canza soson da kaina. 'Ya'yana na dariya in na kai takalmin baki. Ba na hana su. Jiya leɓena ya ci karo da wani ɗan ƙullutun gam a wajen diddige, bai kai ƙwayar gero ba. Na ɗauko wuƙa, na kankare duka, na sake daga farko.