Maiƙo a Farar Takarda

Jiya na ji ƙamshin na'ana'a, sai na tuna kawuna, wanda ya koya mini sayar da man turare. Gwajinsa ɗaya ne: ya ɗiga mai a farar takarda. Na gaskiya yakan bushe tas, mai algus ya bar maiƙo.

Farkon shigowar salula na buɗe shago a Laranto, ya zo sa albarka. Ya ɗauki kwalbar da na surka da man gyaɗa, ya ɗiga. Muka jira, maiƙo ya fito ɓaro-ɓaro.

Ya miƙo mini takardar. "Idona ya tsufa, ɗana. Duba mini."

Na kasa ɗago kai. Har ya rasu bai tayar da zancen ba, ni kuma ban nemi gafararsa ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya yafe mini.