Ranar da Aka Ƙwace Mani Hantar Layya a Batangas

Akwai ranar da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba, ita ce ranar da ni Isuhu, mai duba nama a mahautar Dakoro, na tsaya hannu a ƙirji wata yarinya tana duba nawa naman. Ku sababbin shiga kun sha jin tsofaffin buro, wato ofishinmu, suna tsokanata da zancen, to yau ku ji shi daga bakina, don su ƙara mashi gishiri suke yi.

Bari in fara da aikin, saboda wanda ba ɗan ma'aikatar kiwo ba. Dabbar da za a yanka a sayar, sau biyu muke dubanta. Muna dubanta da ranta, mu ga tafiyarta da idonta da hancinta. Bayan an feɗe kuma mu bi kai da huhu da zuciya da hanta da kaluluwa, muna tsagawa da wuƙa. In lafiya lau, mu buga tampo, wato hatimi, mahauci ya ɗauki abinsa. In cuta ta tsaya a wuri guda, mu cire wurin kawai. In ta game jiki, duka naman ya tafi rami. Wannan ƙwacewa ita muke ce ma sezi, kuma babu kalmar da mahauci ya tsana kamarta.

A shekarar da abin ya faru, layya ta faɗo farkon damina. Wata safiya direkta ya aiko a kira ni, na shiga ina lissafin laifin da na yi. Ya ce, "Malam Isuhu, kana da fasfo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da shi, amma iyakarsa Jibiya." Ya yi dariya ya ce an ba Nijar gurbi a wani estaji, wato horon aiki, na kiwon awaki da turkar shanu a ƙasar Filifin, kuma sunana ya fito. Na ce, "Filifin ɗin tana gaba da Makka ko baya?" Ya ce in je in gani da idona.

Kai, jama'a! Tafiya ce wadda sai da na gaji da zama cikin jirgi har na fara jin haushin kujera. Daga Manila aka kwashe mu a mota zuwa lardin Batangas, aka sauke mu a wani otel na shaƙatawa a bakin teku. Ni da na tashi inda ake jan guga da raƙumi kafin a ga ruwa, sai ga ni ina buɗe taga ruwa ya cika mani ido har inda sama ta ƙare. Ciyawa kuwa, wallahi har bakin kwalta take, kore shar, ba mai kulawa da ita. Kwana na farko ban iya cin abinci sosai ba, ina ta tunanin shanun Rumbu, can wajenmu, da a lokacin suke lasar ƙasa suna jiran ruwan farko ya zauna. Turawa da 'yan ƙasa suna zuwa otel ɗin su sa wasu kaya su nutse cikin teku don kallon kifi kawai, ba don su kama ba. Wannan har yau ban gane shi ba.

Ranar hutu aka kai mu tsohon garin Taal. Gidaje ne tun na zamanin Sifaniyawa, ƙasa dutse sama katako, tagoginsu an yi su da ɓawon wata halittar ruwa maimakon gilashi, haske na ratsawa a hankali. Ga wata coci tsohuwa mai girman gaske a kan tudu, ga dutse mai aman wuta can tsakiyar tafki, mutane na noma kusa da shi hankali kwance. Amma ni abin da ya tsaida ni maƙera ne, don garin ya yi suna da wuƙaƙe. Na gwada wata a gashin hannuna ta share shi tas, na saya nan take, ban ma san abin da zan yanka da ita ba.

A hanyar komowa ne Bubakar, wani likitan dabbobi ɗan Senegal da muke estajin tare, ya ce, "Isuhu, ka san a nan salla za ta same mu?" Tun da na yi aure ban taɓa ƙetare shekara ban yanka da hannuna ba. Na bar ma iyali rago a gida, ƙanena zai yanka masu, amma ni fa? In wuni ranar layya ina cin shinkafa da kifi? Na ce ma Bubakar ko ana ha-maza-ha-mata sai na yi layya a bakin tekun nan.

Na sami babban kukun otel ɗin, wani dattijo mai fara'a da ake ce ma Mang Berto. Mang a wurinsu kamar mu ce Malam ne ko Baba. Da Ingilishina mai ɗingishi da hannu da zane a ƙasa na kwatanta mashi yadda muke yi a Nijar: a feɗe dabba ɗungurungum, a baje ta a kan sanduna biyu da aka gicciya, a kafa kusa da babbar wuta ta gasu a hankali. Idonsa ya yi haske. Ya ce su ma suna gasa dabba guda cur a bikinsu, amma bai taɓa ganin irin namu ba. Daga nan bakina ya ɗebe ni. A wurin cin abinci na miƙe na gayyaci 'yan estaji duka da malamanmu da ma'aikatan otel, na ce su zo su ci naman da ba su taɓa ci ba. Har na ƙara da cewa ni zan zaɓi dabbar, kuma ɗan Dakoro ba ya kuskure a zaɓen dabba. Aka yi ta tafi.

Batangas na da babbar kasuwar dabbobi, can Mang Berto ya kai ni. Da na shiga na ji warin kashin shanu da hayaniyar dillalai, sai na ji kamar na sauka gida ranar kasuwa. Ga shanu turkakku, ga baƙaƙen ɓaunayen da suke noma da su. Rago ne dai babu. Na zagaya na sake zagayawa, ko mai kama da shi ban gani ba. Bubakar ya ce, "Sai ka yi haƙuri da akuya, sarkin Dakoro." Na sami wani taure ja, na buɗe bakinsa na ga haƙora sun kai, na duba ido da kofato, na matsa gadon baya na ji tsoka. Na ce wannan ne.

Mai otel ta yarda a yanka a bayan kicin, amma ta ce tun da baƙi za su ci, meri, wato hukumar gari, ta sa sharaɗi: sai mai duba nama na gari ya zo ya gani. Na ce, "Madam, ai ni ma aikina ke nan." Ta ce ta sani, amma tampona yana Nijar. Na yi dariya na ce ya zo, ai abokin aiki ne.

Ranar salla muka yi idi da wasu 'yan kasuwa Musulmi, mutanen kudancin ƙasar, muka komo da hantsi. Ban sa kome a bakina ba, don kun san mai layya da hantar dabbarsa yake buɗe baki. An yi yayyafi, saboda haka Mang Berto ya sa an ɗaura wata tamfol rawaya a bayan kicin. A ƙarƙashinta na kwantar da tauren, na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla da kabbara, wuƙar Taal ta wuce sumul. Wallahi sai da hawaye ya zo mani don daɗi. Na feɗe, na jera kayan ciki a tire, mutane sun kewaye mu da wayoyi suna ɗauka.

Sai ga mai duba nama, ashe mace ce, sunanta Marisel, ba za ta girmi ɗiyata ta fari ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta sa safar hannu, ta zaro wuƙarta. Na ja da baya na tsaya inda mahauta ke tsayawa. Ta bi kai, ta ce lafiya. Ta tsaga huhu da zuciya, ta ce lafiya. Ina ta gyaɗa kai ina kallon Bubakar. Ta juya hanta, ta tsaga ta wajen hanyoyin matsarmama, ta matsa da yatsa. Tsutsar hanta ta fito, faffaɗa kamar ɗan ganye, wata ta biyo ta.

Innalillahi! Na manta cewa ƙasar ruwa ce, dabbobinsu a fadama suke kiwo, inda cutar ke zama. A Dakoro sai ka daɗe ba ka gamu da ita ba. Hanta dai ta tafi, na sani. Amma abin da ya fi tada mani hankali shi ne na ga ta ɗaga kai tana kallon kitsen jikin naman. Na kalla ni ma, na ga ya yi rawaya. Duk wanda ya yi aikin nan ya san ma'anar haka. In ciwon hanta ya kai ga shawara, launin ya shiga jiki, ba a cire wani wuri a bar wani, duka ake binnewa. Ga mutane sun fi arba'in sun zuba mani ido, ga wutar Mang Berto ta kama, ga cika bakin da na yi. Layyata ce za a jefa rami a gaban duniya.

Marisel ba ta bar ni cikin duhu ba. Ta ce, "Tatay," wato baba da harshensu, "ina ganin rawaya, amma ban yarda da hasken nan ba. A fitar mani da shi waje." Muka kama ni da Bubakar muka fito da naman fili. Rana ta ɗan leƙo. Ta duba kitse, ta tsaga gaɓa ta duba guringuntsi da jijiya, tana faɗa mani abin da take nema ɗaya bayan ɗaya, alhali ta san na sani. Ta sa aka kawo kai ta buɗe farin ido. Ta miƙe ta ce, "Fari ne tas. Tamfol ce ta rina shi." Ta ciro tampo ta buga a cinya da kafaɗa.

Kai! Na yi kabbara da ƙarfi har wani Bature ya zubar da kofinsa. Mang Berto ya rungume ni da jinin da ke rigata da kome, wuri ya kaure da ihu da tafi.

Da hankalina ya komo sai na ga ta ɗauki hantar za ta sa a bokiti. Akwai wani gefe da ya yi kyau, ja wur, ba tabo. Na matsa kusa na rage murya na ce, "Ɗiyata, ɗan gefen nan kawai. Tun safe ban ci kome ba, al'adarmu ce, da shi zan buɗe baki. Ni kaɗai zan ci." Ta tsaya ta saurare ni har na gama, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tatay, ka yi haƙuri, ba zan iya ba." Ta sa hantar a bokiti ta zuba mata magani. Sannan ta cire safar hannu, ta kamo hannuna na dama, ta sunkuya ta ɗora shi a goshinta. Mang Berto ya raɗa mani cewa haka yaransu ke yi ma iyaye in suna neman albarka. Na ce, "Allah ya yi maki albarka," kuma har zuciyata na faɗa.

Da ƙoda na buɗe baki a ranar. Muka gicciya gora, muka baje tauren kusa da wutar ɓawon kwakwa, na shafe shi da gishiri da ɗan yajin da na zo da shi daga gida. Ƙamshi ya sa masu nutso suka fito daga teku da kayansu a jiki. Kafin la'asar ƙashi kawai ya rage, Bubakar da ya fi kowa tsokana shi ya fi kowa ci.

To ga abin da na ɗauko daga can, ya fi mani takardar estajin amfani. Hukuncin aikin nan ba ya lanƙwasa, ko ga abokin aiki, ko ga dattijo mai yunwa ranar salla, kuma kada wani cikinku ya lanƙwasa shi. Amma lokacin da kuka sunkuya kan nama da wuƙa, akwai mutum a bayanku da jarinsa da mutuncinsa ke kan teburin nan, kuma duk shirun da kuka yi shi yake ji a cikinsa. Ku yi mashi magana kuna aiki. In kun yi shakka, ku fita da naman haske kafin ku buɗe baki. In kuma dole ce ku ƙwace, ku juyo ku dube shi a ido ku ba shi haƙuri, don ni ma na tsaya a wurin nan da yake tsaye.