Tsohon da Ke Yawo da Bel Ɗin Wasu

Akwai wata ranar Juma'a a cikin rairayin bayan Riyad da ko na tsufa tukuf ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ni direban wani gida ne a unguwar Murabba, ina kwana a unguwar Manfuha. Ina da aboki ɗan Damagaram mai gadin gidan hutun kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, a hanyar Thumama. Kafilin yana da babur mai ƙafa huɗu, wanda Larabawa ke kira dabbab, suna hawan tudun yashi da shi. Abokina ya nemi izini aka ba shi, ya kira ni ya ce in zo mu ma mu ɗana.

A bayan babur ɗin akwai akwati, cikinsa jakar kayan gyara. Mu kuwa mun zo da kula cike da shinkafa da wake, ga mai ga yaji, akwatin kuma ba zai ɗauki biyun ba. Abokina ya ciro jakar ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, wa ke cin sifana?" Na yi dariya. Mu da muka tashi inda in babur ya mutu, kana tura shi kaɗan za ka tarar da bakanike a gindin bishiya, ina muka san akwai ƙasar da babu bishiyar ma, balle bakaniken?

Muka nausa. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Yashi ja wur, tudu bayan tudu, har inda ido ya gaza. Muna ihu kamar yara, muna ƙara shiga, har hanya ta ɓace mana. Muna tsakiyar hawan wani tudu sai muka ji fat! Inji na kuka, tayoyi sun ƙi motsi. Bel ɗin da ke juya tayoyi ya tsinke, sabon kuma yana cikin jakar da muka baro.

Da abokina ya kashe injin, shirun da ya rufe mu ya fi komai ba ni tsoro. Waya babu sabis. Iska ta share sawun tayoyinmu, kowane gefe iri ɗaya. Ruwanmu gora ɗaya ne, mun sha fiye da rabi, rana kuwa ta take tsaka. Leɓen abokina ya bushe. Can ya ce, "Malam, yarana fa ba su san inda nake ba." Nan na san a bakin mutuwa muke.

Ruwan ya ƙare, mun fake a 'yar inuwar babur, sai muka ji ƙarar mota. Wata tsohuwar a-kori-kura ce ta ɓullo ta kan tudu. Direban wani dattijo ne Balarabe, zai je duba raƙumansa. Bai tambaye mu komai ba sai da ya ba mu ruwa, yana cewa, "A hankali, 'ya'yana, kaɗan-kaɗan." Sannan ya yaye tamfol ɗin bayan motar. Na tsaya baki buɗe. Igiya, shebur, famfon iska, sifanu jere a tsumma, jarkokin ruwa da na fetur, da bel kala-kala a ɗaure. Shi da abokina suka kwance murfin inji, ya gwada bel ɗaya, ya gwada wani, ya dace. Suka ɗaura shi.

Na ce, "Baba, kai ma kana da dabbab ne?"

Ya ce, "Ban taɓa hawansa ba."

"To bel ɗin fa?"

Ya goge hannu, ya dubi rairayin. "Na taɓa tarar da wasu samari biyu kusa da irin wannan babur. Abin da ya tsinke musu ke nan. Na makara."

Ya rufe tamfol ya hau motarsa. Ya shiga gaba muna bin sa har bakin kwalta, ya ɗaga mana hannu ya juya. Na bi motarsa da kallo ina mamakin mutumin.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, shirin hanya ba don kanka kaɗai kake yin sa ba. Yau in ka buɗe but ɗina za ka ga kayan da ba su dace da motata ba sam. Mai su yana can wani wuri a kan hanya, ban dai haɗu da shi ba tukuna, kuma ba na so in makara.