Ranar da Na Yi Ƙari a Kan Dattijo

Wurin ajiye mota goma sha biyu ne, a wani fili a garin Manassas. Ni kuwa motocin gwanjo nake saye in gyara in sayar, kuma a lokacin a gefen titi nake barin su, ina ta biyan tara. Mai filin wani likita ne Bakano, sa'an mahaifina. Mu biyu muke neman haya, ni da wani injiniya.

Duk Lahadi bayan la'asar likitan kan tara mu a gidansa a Bowie mu buga karta, irin wadda ake kira foka. Gyaɗa yake raba mana maimakon kuɗi, don ya ce caca ba ta shiga gidansa. Kowa kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya. In an zo kanka, ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka ajiye. Rabin wasan karantar mutum ne, wannan kuwa sana'ata ce.

Abu ɗaya ya gagare ni: ƙari a kan likita. An rene ni a kan ba a ja da babba. Da ya turo gyaɗa sai in sunkuyar da kai in ajiye, komai kyan katina. A ganina ladabi nake yi.

Matarsa ce ta tare ni a ƙofar kicin. "Kai, Alhaji fa cewa yake ba ka da zuciya. Wai mai gudun asarar gyaɗa ina zai tsaya a gwanjo?"

Lahadin da ta biyo, kati biyu masu lamba tara ne a hannuna. Na lura in likita burga yake yi, ba kati mai kyau a hannunsa, yakan gyara hula. Ya gyara, ya turo. Na ƙara.

"Ni ka yi wa ƙari, yaro?"

"Ai a gidanka na koya, Baba."

Injiniya ya ajiye nasa yana dariya: "Yau dillali ya farka!"

Likita ya sake ƙarawa. Na dubi idonsa, abin da ban taɓa yi ba, na tura duk gyaɗata. Ya bi. Sarki biyu ya buɗe, sun fi nawa ƙarfi. Ashe hular tarko ce, ya daɗe yana ɗana mini.

Gyaɗa dai ta tafi kaf, a gabana ya ɓare ta yana ci. Fili kuwa, ya ba ni wuri takwas, injiniya huɗu, haya ba ragin ko sisi.