Ranar da Irin Hatsin Baba Ya Jiƙe

Ni ba mai tsoron hadari ba ce, kuma ban haifi 'ya'ya don su zauna a ɗaki suna leƙen ruwa ta taga ba. Duk shekara, da an rufe lakwal, wato makaranta, an shiga hutun damina, sai in tattara su ukun mu bar Sabon Garin Maraɗi mu nufi Jiratawa wajen Inna, mahaifiyata. Babansu yana kasuwa, ba ya samun zuwa. Nasa dai ya tsaya a ƙofar gida yana duban gabas yana cewa in kula, ni kuwa in ce masa 'ya'yana ba gishiri ba ne.

A wannan shekarar akwai aiken da ya sa muka fara biyawa ta Tibiri. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da irin hatsinsa na kansa, mai doguwar zangarniya. Duk kaka sai ya bi gona da kansa ya ware waɗanda suka fi cika ya rataye daban, haka ya yi har ya tsufa. Bayan rasuwarsa Inna ta ci gaba da shuka shi. Sai aka yi wata damina da tsutsa ta lalata gonar, ɗan abin da ta tsira da shi kuma gara ta shiga rumbu ta ƙarasa. Abin da ya rage a duniya na irin Baba shi ne tiya biyu da Inna ta taɓa ba Gwaggo, ƙanwarsa da ke Tibiri. Ita Gwaggo ta daina noma, amma ta adana shi cikin tulu da toka. An yi ruwan shuka na farko, maƙwabta duk sun shuka, Inna ta bar gonarta fayau, ta ce irin kasuwa ba zai shiga gonar mijinta ba. Ni aka aika in ɗauko.

Gwaggo ta zuba hatsin a jakar yadi ta ɗaure, ta saka cikin wata babbar leda mai kauri ta sake ɗaurewa. Da ta miƙo mini ba ta saki nan da nan ba.

"Ɗiyata, wanga shi kaɗai ya rage. Kar ki bari ruwa shi taɓa shi," in ji ta. "Ku kwana mana. Ba ki ga gabas ba?"

Na duba gabas, na ga ɗan baƙi can ƙasa. Na ce, "Gwaggo, wannan hadarin sai bayan la'asar. Kafin nan mun ci tuwon Inna mun wanke hannu."

Na faɗi haka da cikakken tabbaci, don ina ganin na san sararin Maraɗi. Har yau ina ganin na san shi, ranar ce dai ya ba ni kunya.

Adaidaita ta kawo mu cikin gari, wata ta kai mu Jiratawa ta sauke mu a bakin kwalta ana kiran azahar. Daga nan gidan Inna tafiyar ƙafa ce ta kamar rabin awa, a kan rairayi, tsakanin gonaki. Babbar 'yata, mai shekara goma sha biyu, ta ɗora irin a ka. Na tsakiya yana gaba yana korar ƙadangaru. Autana, ɗan shekara biyar, yana riƙe da zanena. Shi wannan autan tun yana goye ƙirji ke damunsa, sanyi kaɗan zai sha ya kwana yana numfashi da ƙyar.

Mun yi rabin hanya sai iska ta ɗauke cak, tsuntsaye suka yi tsit. Na waiwaya, na ga gabas ta yi jawur daga ƙasa har sama. Ban gama cewa ku ɗaga ƙafa ba ƙura ta iso, ta cika mana baki da ido, sanyi ya biyo bayanta. Babu gida kusa, babu bukka. Itace ɗaya ne a wurin, wani gawo, shi kuwa gawo da damina tsirara yake, ba ganye ko ɗaya. Ko da yana da ganyen ma ba zan kai yara gindin itace ana walƙiya ba. Na ja su zuwa wani ɗan kwari a gefen hanya muka tsuguna, na yafa musu mayafina.

Mayafi bai yi komai ba. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsakiya sai ihu yake don murna, yana buɗe baki yana tara. Babbar ta rungume irin a ciki ta duƙa a kansa. Autan kuwa ya fara karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, na ji tarin nan da na sani ya fara tasowa. A nan ban tsaya shawara ba. Na karɓi ƙunshin daga hannun yarinyar, na kwance ledar Gwaggo, na yage mata baki na zura wa yaron daga kafaɗa har gwiwa, na manna shi a ƙirjina.

"Mama, irin fa?" in ji babbar.

Na ce, "Sa shi cikin rigarki."

Ta sa, amma rigar ma ruwa take zuba. Haka muka zauna har ruwan ya tsagaita, muka ƙarasa muna tsoma ƙafa a taɓo, ni da yaro a baya cikin leda.

Inna tana tsaye a ƙofar gida. Ta fara taɓa goshin autan, wanda take kira maigidanta, ta tuɓe shi ta naɗe da bargo a gefen murhu. Sai da ta ga numfashinsa ya daidaita sannan ta miƙa hannu ta karɓi jakar. Ta kwance, ta tura yatsu har ƙasa, ta ɗebo ta murza. Hatsin ya sha ruwa ya kumbura. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga idonta ya cika.

Na ce, "Inna, ni na cire ledar. Kuma ko yanzu aka sake, haka zan yi."

"Wa ya ce kin yi laifi?" in ji ta. "Amma iri in ya sha ruwa haka, sai ƙasa. Ba rana balle a shanya. In ya kwana biyu cikin jakar ga, ya tsira ko shi ruɓe. Yau za a shuka shi."

Yau ɗin nan kuwa saura 'yan awoyi. Kuma duk wanda ya san ƙauye ya san bayan ruwa irin wannan ba ka samun namiji ko ɗaya da za ka roƙa, kowa ya ruga gonarsa ko dai shuka ko gyaran wadda ƙasa ta binne. Inna gwiwa ta hana ta sara. Ta shiga ɗaki ta fito da sungumin Baba, ta jingina shi a bango tana duban hanya ko Allah zai kawo wani. Na ɗauka. Rabona da gona tun ina budurwa, a lokacin ma bin baya nake ina zuba iri, ban taɓa riƙe sungumi ba. Amma na sha ganin yadda Baba ke yi, taku ɗaya sara ɗaya, ba a waiwaye.

Muka bar autan wajen wata maƙwabciya muka fita. Inna ta raba irin a ƙoƙuna, ta nuna wa yaran: a ɗebo da yatsu uku, a jefa a rami, a rufe da diddige. Babbar ta kama nan take. Na tsakiya kuwa a ramukan farko da tafin hannu yake zubawa, sai da kakarsa ta ce masa in ya ƙarar mata da iri kafin tsakiyar gona shi za ta shuka a sauran. Layina na farko ya karkace har Inna ta tambaye ni ko Tibiri zan koma. Na ce mata hatsi bai san layi ba. Kafin layi na goma tafin hannuna ya yi bororo, kafaɗata ta yi nauyi, amma na samu kan abin, har ina jin daɗin yadda ƙasa mai laima ke buɗewa da sara guda.

Saura kamar layi shida sai gabas ta sake haɗuwa. Aka yi wata tsawa da ta sa na tsakiya, jarumin ɗazu, ya yar da ƙoƙo ya ruƙunƙume kakarsa. Inna ta ce in ajiye sungumin nesa, ƙarfe ne. Na ajiye. Muka ƙarasa layukan da diddige: in haƙa da ƙafa, babbar ta jefa, Inna da yaron su rufe, yayyafi na dukanmu. Da ƙoƙon ƙarshe ya ƙare, muka ruga gida muna dariya, mun yi kaca-kaca da taɓo. Autan muka tarar wajen maƙwabciya yana shan kunu, tarin ya lafa.

Kwana huɗu hatsin ya fito, layi a karkace, wani wuri cunkus inda ɗana ya yi kyauta. Muka yi hutunmu a can, yara suka koyi cire ciyawa, suka yi baƙi, suka daina gudu in an yi tsawa.

Da kaka na koma ni kaɗai taya Inna girbi. Ta bi gonar tana dogara sanda, ta ware zangarnun da suka fi cika, ta ɗaure su dami biyu ƙanana. Ɗaya ta rataye a ɗakinta. Ɗayan ta ɗora mini a cinya.

Na ce, "Inna, ni da ke gidan siminti a Maraɗi, ina zan kai wannan? Ba ni da gona."

"Ki rataye shi inda za ki riƙa ganinsa," in ji ta. "Ni ban san damina nawa ta rage mini ba. Gonar kuwa ke kinka shuka ta bana."