Kan Kifin da Ke Rataye a Shagon Kawu

Ban taɓa ganin teku ba, amma a kan shak, wani babban kifin teku, na yi binciken kammala digiri. Iri biyu na kwatanta, 'yan gida ɗaya, masu kai kamar guduma. Ɗaya goshinsa sumul yake, ɗayan kuwa yana da ɗan tsagi a tsakiya. Duka biyun suna raguwa, sai dai mai tsagin, gwargwadon abin da na karanta, ya fi kusa da ƙarewa.

Kawu, yayan mahaifiyata, yana sayar da banda a Sabon Gari. Wani direba ya kawo masa busasshen kan irin wannan kifi daga Legas, ya rataye a shago. Ranar da muka je gaishe shi da Baba, Kawu ya nuna kan da sanda.

"To, masani, wanne ne wannan?"

Na ce wataƙila mai tsagin ne, amma sai na duba da kyau.

"Shekara da shekaru ana kai maka gari da ƙuli-ƙuli makaranta, ka dawo mana da wataƙila!" in ji Kawu.

'Yan kasuwa suka kwashe da dariya. Baba ya sunkuyar da kai. Daga ranar na zama Malam Wataƙila, har a layinmu na Fagge. Ban manta da wannan sunkuyon na Baba ba. Na koma shagon sau da yawa da sunan gaisuwa, ina duban goshin nan har na tabbatar.

Rannan Kawu ya aiko a kira ni. Wani Alhaji mai otal a ƙasar waje yana son sayen kan, ya ƙawata zaurensa.

"Ɗana ne, ya yi boko," in ji Kawu. "Gaya wa Alhaji kaya ne na gaske."

Na ɗora yatsa a tsagin.

"Na gaske ne, Alhaji. Irin da ya kusa ƙarewa ne. In ba takardar izini, a filin jirgi za a ƙwace shi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Alhaji ya gyara hula ya yi sallama. Kawu ya harare ni.

"Yau ina wataƙilar taka?"

"Na baro ta gida, Kawu."

Har yau kan yana nan a rataye. Ba dole ne in bi ta layin 'yan banda ba, amma nakan bi, in gaida Kawu cikin ladabi, in tambaye shi ko an taya.