Shafin Godiya a Shagon Gwadabe

Shekara talatin da ɗaya Gwadabe ya yi yana ɗinke littattafai a wani ƙuntataccen shago a Sa'alaba, unguwar da kakansa ya zauna bayan aikin Hajji bai koma gida ba. Yawancin masu zuwa wurinsa ɗaliban jami'a ne. Su kawo takardun bincikensu na ƙarshe, ya jera, ya ɗinke, ya buga suna da ruwan zinare a bango. Ba ya karanta komai a ciki sai shafin godiya, domin a ganinsa nan ne kaɗai ɗalibi ke magana da bakinsa.

Yana da wani dalilin kuma. 'Yarsa Sajida ta fi kowa a ajinsu na sakandare, amma iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu a shekarar da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu, kafin a gyara kuwa lokacin shiga jami'a ya wuce ta. Sai ta zauna a ɗakin bayan shago tana buga wa ɗalibai ayyukansu a kwamfuta. Daga bugu ta koma gyaran nahawu, daga nan ta koma miƙe hujjar da ta karkace. Abu ɗaya take roƙo: layi guda a shafin godiya, domin sunanta ya shiga ɗakin karatun jami'ar da ita ba ta shiga ba.

Da Gwadabe ya roƙa mata, Meshari, ɗalibin shari'a mai kiransa ammi, wato baffa, dariya ya yi. "Ya ammi, so kake in rubuta shaida a kaina da hannuna?" Badr, mai karatun injiniya, cewa ya yi, "Halas, an gama," ya manta. Wani ɗalibin likitanci ya ce shafin ya cika. Gwadabe ya auna waɗannan amsoshi shekara da shekaru, ya tsaya a kan cewa fannin karatu ba ya sauya halin mutum, uzurin da ya dace da halin kawai yake ba shi. Duk da haka ya bar wa kansa fata guda: watakila mace za ta fi jin ciwon mace.

A shekarar da idanun Sajida suka raunana har likita ya hana ta dogon kallon kwamfuta, wata ɗaliba, Raghad, ta zo. Zamantakewa take karanta, bincikenta kuwa a kan ɗabi'un da ɗalibai maza da mata na sassa daban-daban suka fi girmamawa. Wata biyu tana zuwa, tana cin abinci a kwano ɗaya da Sajida, tana kiranta 'yar'uwa. Sajida ce ta tattara amsoshin ɗalibai ɗari uku ta fitar da sakamakon: a kowane sashe, maza da mata, gaskiya suka sa a gaba. Ta kuma faɗa wa mahaifinta cewa wannan ne aikinta na ƙarshe.

Ranar da Raghad ta kawo takardun, Gwadabe ya buɗe shafin a gabanta. Iyaye, malamarta, ƙawaye huɗu, sai "duk wanda ya taimaka".

"Ya binti, 'yata, ina sunan Sajida?"

"Ai tana cikin 'duk wanda ya taimaka', ya ammi. Wallahi ina sonta. Amma in malama ta ce wace ce, me zan ce?"

"Ki faɗi abin da ɗalibanki ɗari uku suka sa a gaba."

Ta sunkuyar da kai, ta ce direba na jiranta.

Bayan azahar ya ɗauko akwatin haruffan ƙarfe, ya jera sunan 'yarsa, ya ɗora a wuta domin ya buga a cikin bangon kwafin da za a kai ɗakin karatu. Bai taɓa ƙara ko ɗigo a littafin wani ba, kuma ya san amana ce yake shirin ci. Sajida ta fito da shayi, ta matso da fuskarta kusa da ƙarfen kafin ta iya karantawa.

"Baba, halas, ya isa. Ba ni aka yi nufi in samu ba. Abin da ba ta ba ni da hannunta ba, kar ka sato mini."

Ya jira haruffan suka huce, ya mayar da kowanne gurbinsa. Sannan ya ɗinke littafin yadda aka kawo shi, ya buga sunan Raghad a bango, a miƙe, ba tare da kuskure ba.